Arr da Ku!

A shekarata ta biyu a Budapest kuɗin tallafin karatu suka daina kai ni ƙarshen wata, sai jinin Bakano ya motsa. Na nufi babbar kasuwar nan ta kusa da kogin Danube, wadda aka buɗe tun 1897, na sayo tsokar naman sa da garin paprika, jan barkonon da mutanen Hungary ke ji da shi yadda muke ji da daddawa. Lokacin hunturu ne, rana ta yi ƙaura, don haka tanda ta tsaya mini a madadinta. Kwana biyu ina yanka, ina shafa labu, ina juyi, har kilishi ya fito jajur. Ko a Agadasawa sai an tambayi wanda ya yi shi.

Duk abin da na kama na harshen ƙasar bai cika cokali ba, amma na san "ár", domin ba kantin da ba na ganinta: farashi ke nan. Na yago takarda na rubuta "ár kilishi 3000", wato forint 3000 kowane ƙunshi, na ajiye a teburin kicin ɗin da muke tarayya da wasu ɗalibai biyu, na tafi aji ina lissafin riba.

Da na dawo, faranti tas.

Na fara da dogon nan ɗan Iceland. Na ce, "Ɗan'uwa, ina kuɗina?" Ya ce wane kuɗi? A wurinsu, in ji shi, kalmar "aur" ake furta ta, ma'anarta shekara. Shi ya ɗauka ina tallar nama ne mai shekara 3000, ya ce bari ya ɗanɗana tarihi. Ban ga laifinsa sosai ba. Mutumin da ya tashi yana cin hákarl, naman kifin shak da ake bari ya ruɓa sannan a rataye shi watanni, ba tsufan nama zai razana shi ba. Ya rantse ƙunshi biyu kawai ya ɗanɗana.

Sauran takwas ɗin suna cikin ɗan Ireland. Mutumin Connemara ne, inda har yau ake jin harshen Irish a cikin gida, kuma a can "ár" na nufin namu. Ya ce da ya ga "kilishinmu" rubuce da yaren kakarsa a tsakiyar Hungary, sai da ƙwalla ta zo masa. Na ce to 3000 ɗin fa? Ya ce kuka bai bar shi ya ga lamba ba. Sai ya dubi farantin, ya ƙara da cewa kalmar tana da wata ma'anar a wurinsu, kisan kiyashi, kuma ita ma ta dace da abin da ya faru.

Ban san lokacin da na daka musu "Arr!" ba, irin wadda kakata ke jefa mana in mun tsoma hannu a tukunya kafin a raba. Dogon ya tambaya shekara nawa kuma. Ɗayan ya dafa kafaɗata ya ce ƙwarai, namu ne.

Hayaniyar ce ta fito da tsohuwa mai gidan. Na ce alhamdulillahi, ga 'yar ƙasa, ga alƙaliya. Ta sa tabarau, ta karanta takardar, ta girgiza kai, ta karɓi birona ta soke rubutun, ta rubuta "a kilishi ára". Ta ce haka ake faɗa. Sannan ta tsinci ɗan guntun da ya maƙale a gefen farantin, ta jefa a baki, ta ce paprikar ta yi kaɗan.