A Bar Gilashin Nan A Rufe

Basakkwace ba ya tsoron rana. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, za ka gan shi tsakar rana bisa kabu-kabu da babbar riga, yana yi wa baƙon da ya zo daga Jos dariya don ya ga yana fifita. Amma bari Disamba ta kama, iskar hunturu ta kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ma'aunin ya sauko wajen 15 da asuba. A nan jarumtar take ƙarewa. Mai son ganin ƙarshenta da idonsa ya je tasha da sassafe ya nemi motar garin Shagari.

Tufafi zai fara gani. Rigunan da aka ɗinka a Turai don masu hawan tsaunukan da dusar ƙanƙara ke binnewa, in masu su sun gaji da su, dila-dila suke isowa hannun 'yan gwanjo, kuma a wurinmu suke samun masoya na gaskiya. Ga dattijo da jibgegiyar riga mai gashi a wuya, a kan jamfa, a kan suwaita, a kan wata suwaitar, ya kawo rawani ya naɗe har hanci, sai idanu kaɗai ke waje. A ƙafa kuwa silifas ne, faso ya tsattsage diddige. Ga saurayi da safar hannu da hula mai rufe kunne da baƙin tabarau, alhali hazo ya hana rana leƙowa. Kujerar baya mutum huɗu take ɗauka da ƙyar a bazara. Yanzu ma huɗun ne, sai dai kowa ya zo da rabin mutum na tufafi. Ɗan kamasho bai san wannan lissafi ba. Shi dai "saura mutum guda" yake faɗa, tun kafin ka zo yake faɗa, kuma bayan kun cika ma ba zai daina ba.

Tafiyar ba wata doguwa ba ce. A kama hanyar Birnin Kebbi, a wuce wajen filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, inda jiragen ma kan haƙura ranar da hazo ya yi kauri, sai Boɗinga, sai Shagari; wanda barci ya kwashe ya farka a Tambuwal. In mota na da lafiya, awa guda ta isa. Amma sai an yi ban kwana da yafe-yafe kamar masu tafiya Makka a ƙasa, kuma kowace mararraba sai an buga waya gida a ba da rahoton inda aka kai.

Babban yaƙin kuwa na gilashi ne. Kowa ya san abin da hunturu ke yi wa wanka, ko da ba a faɗa a majalisa. Da yawanmu mun ɗage shi sai baba-ta-gani. A wanke fuska da hannu da ƙafa, a shafa man kaɗanya, a kwarara turare, a ce Allah ya kai mu Juma'a. To, tara irin waɗannan bayin Allah a ƙaramar mota, a ɗaga gilasai huɗu har sama, a sa buhun albasa a but, a ƙara da mai mura da ya shafe ƙirji da Robb. Kafin a kai Boɗinga, wani yaro da numfashi ya fara yi wa wuya zai yi ta maza:

"Direba, don Allah a ɗan sassauta gilashin ga, mu sha iska."

Wata tsohuwa ce za ta amsa daga cikin mayafai uku: "Kai ɗana, mi munka yi maka? Cikin wanga ɗari? In zahi kaka ji, sauka ka hau bisa kaya."

"Inna, yatsa biyu dai..."

"Ko rabin yatsa. Direba, Allah shi yi maka albarka, bar shi ruhe."

An kashe magana. Sai kuma wani alhaji a gidan gaba ya gyara murya. Ba a rasa irinsa a kowace mota: ko ya yi karatu a Rasha, ko ƙanen matarsa na Kanada. Zai ce mu ba mu san sanyi ba, a Mosko in ka tofar da yawu kafin ya kai ƙasa ya daskare. Kowa ya yi salati. Ba mai ƙarfin halin tambayarsa me ya sa duk motar ba wanda ya kai shi yawan riguna.

Haka ake ratsa ƙasar tarihi da hanci a toshe. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Mutanen da suka yi ta kai da kawo a nan bisa doki da ƙafa, hunturu bayan hunturu, ba su san ɗan gwanjo ba. Jikokinsu kuwa, in mota ta tsaya, tambayarsu guda ce: ruwan mai shayi ya tafasa? Sai saurayin nan mai tabarau, wanda zai ruga bakin wani kwazazzabo da ruwan damina ya ƙwaƙule, ya juya wa hazo baya, ya ɗauki hoto yana rawar ɗari ta ganganci. Kafin a tashi ya hau Facebook, abokai na ta yi masa jaje, wasu na tambaya wace ƙasa ce.

Da an doshi Shagari sai hira ta koma siyasa. Garin Alhaji Shehu Shagari ne, Turakin Sakkwato, wanda ya mulki Najeriya daga 1 ga Oktoba 1979 har sojoji suka kifar da gwamnatinsa ranar 31 ga Disamba 1983, kuma a nan aka yi masa sutura a Disamba 2018. Nan take sai ka tarar duk motar danginsa ne. Wannan kakansa ya yi makarantar allo da shi, wancan gwaggonsa ta taɓa dama masa fura. Har yaron da aka haifa bayan 2000 yana tuna arahar shinkafa a zamanin Turaki, yana girgiza kai.

A sauka, a buɗe ƙofa, iska ta shigo, kowa ya yi ajiyar zuciya, ba wanda ya gode wa yaron da ya nema tun farko. A madatsar ruwan garin kuwa masunta sun daɗe da shiga ruwa, ba safa ba suwaita.

Saboda haka, mai karatu, in kana da niyyar bin wannan hanya kafin Fabrairu ta ƙare, don girman Allah ka ɗora ruwan wanka a wuta tun gari bai waye ba; itacen bai kai kuɗin mota ba. In kuwa ba za ka iya ba, ka bar wa na kusa da ƙofa ikon gilashinsa.