Ƙwallo Shida, Uzuri Dubu

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muke haɗuwa a bakin tafki, domin a Minesota ruwan da ya kwanta lumui kamar madubi ba ya jiran kowa. Da hantsi ya ɗaga iska ta taso, shi ke nan, sai gobe. Kakar ma gajeriya ce: ƙanƙara ba ta sakin tafkuna sai cikin Afrilu, zuwa Oktoba kuma ruwan ya koma mai sara ƙashi. Ga shi rabon kowa a ƙarshen igiya bai wuce minti goma sha biyar ba. Ka ga kuwa mai hankali zai ɗauka mutanen da ke da ɗan lokaci haka za su riƙa tattalinsa. Shekarata bakwai ina sulun ruwa da su, ban ga alama ba.

Akwai wanda muke kira Injiniya, ko da yake inshora yake sayarwa. Tun da na san shi bai taɓa faɗuwa ba, kayar da shi ake yi. In ya kife a na uku cikin ƙwallaye shidan da muke zagayawa a kan ruwa, kafin ya tofar da ruwan da ya sha ya riga ya kama mai laifi. Direba ne ya fizga a ƙofar shiga. Igiyar sabuwa ce, ba ta saki jiki ba. Bayan mako biyu igiyar nan dai ta tsufa, ta saki da yawa. Rana ta kashe masa ido, alhali ranar tana ƙeyarsa. Ruwa ya yi sanyi allo ya yi gaggawa, ruwa ya yi ɗumi allo ya yi nawa. Akwai safiyar da ya rasa kowa, sai ya ɗora wa wata agwagwar ruwa, wai ta ɗago kai daidai lokacin da zai juya.

Amma babban wanda ake tuhuma kullum shi ne ɗan farantin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin wutsiyar allo. Injiniya yana da 'yar jaka baƙa, cikinta da ma'auni mai baki biyu wanda ke karanta kashi ɗaya cikin dubu na inci, da ƙananan sifanu, da wani littafi da ruwa ya kumbura. Sai ya durƙusa a kan katakon kwata, ya kifa allon a cinya, tabarau a kan karan hanci, harshe a gefen baki. Ya auna zurfi, ya auna tsawo, ya auna tazara daga wutsiya, ya rubuta, ya sake aunawa domin na farko hannunsa ya yi rawa. Daga nan ya kwance kusoshi, ya matsa farantin da kashi biyar cikin dubu, abin da bai kai kaurin silin gashi biyu ba, ya ɗaure, ya auna, ya ga ya zarce, ya kwance. Mu kuwa muna zaune cikin jirgi, inji na ƙuna, muna kallon madubin da muka baro barci dominsa yana fara yamutsewa daga can gefen yamma. Ya gama, ya shiga ruwa, ya ɗaga kai ya ce a ja. Ƙwallo ɗaya, biyu, uku, tsundum. A daidai inda ya faɗi jiya. Ya ɓullo yana murmushin wanda bincikensa ya tabbata: “Kun gani ko? Na wuce da shi. Uku ya kamata, ba biyar ba.”

Wata rana na gaji na ce masa, bawan Allah, Ralph Samuelson da ya ƙago wasan nan a 1922 a tafkin Pepin, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga nan, falankai biyu ya ɗaura a ƙafa, kowanne ƙafa takwas, babu faranti babu ma'auni. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Shi ya sa bai taɓa zagaya ƙwallo ba.” A ƙarshen wata kaka ya sanar da mu cewa ya gano lambobin da suka fi dacewa da shi, bayan gyara ashirin da wani abu. Mai jirgi ya duba takardar da aka sayo allon da ita: su ne lambobin da kamfani ya saka tun farko. Ma'auni guda ne ba ya cikin littafin nan, shi ne na tumbin Injiniya, wanda rigar ruwansa ke ba da shaida a kansa duk shekara. Duk da haka ban iya jin haushinsa ba, shi ke kawo kofi mai zafi. Sau ɗaya ma na miƙa masa allona ya taɓa. Na shiga, na faɗi inda na saba, ina ɓullowa na ji bakina yana cewa ya wuce da shi.

Tsohon Zakara shi ba ya jiƙa. Kafaɗa ce ta hana shi, tun kafin in zo ƙasar. A wajenmu ana auna mutum da yawan abin da aka yanke daga igiyar ƙafa 75, to shi a zamaninsa yakan cinye ƙwallo shida an yanke 32. Bara labarin ya koma 35. Bana 38 ne, wato igiya mita 11.25, alhali ƙwallon yana mita 11.5 daga tsakiyar hanya, sai mutum ya cika ragowar da tsawon hannunsa. Nate Smith ya kafa tarihin duniya a 2013 da ƙwallo biyu da rabi a igiyar mita 9.75. In Allah ya ja kwana, nan da shekara uku dattijon nan zai karya shi daga kan kujerar roba.

Koci kuwa bai taɓa wuce ƙwallo na biyu ba, amma daga kwata yana hango kuskuren kowa: “Turo ƙugu gaba! Miƙe hannu!” Kana gudun mil 30 bayan injin V8, abin da kake gani kawai mutum yana buɗe baki. Sai mai ɗaga yatsa ɗaya, wanda in ya gama zagayensa shida yakan roƙi “ɗaya kacal” har sau huɗu. Sai mai isowa ƙarfe bakwai yana tambayar wa ya ɓata ruwa.

Mai jirgi mutumin kirki ne wanda Allah ya jarabce shi da Nautique. Ba a hawa da takalmi, ba a hawa da abin ci, ba a taka kujera, in ka fito daga ruwa ka tsaya a dandamalin baya ka tsane tukuna. Da an fito da jirgin kowa zai karɓi tsumma, kuma tsumman gefe daban yake da na gilashi. Awa hamsin cif yake canza mai, duk bazara yake sa sabuwar fankar roba a famfon ruwa, ya ajiye tsohuwar a kwali da kwanan wata. Kada ka kuskura ka yabi MasterCraft ko Malibu a gabansa. Nasa daga Orlando yake, waɗancan biyun maƙwabtan juna ne a Tenesi, kuma tsakanin masu su akwai tsokana irin ta Fulani da Barebari, sai dai su waɗannan wani lokaci da gaske suke yi. Cikin Janairu, lokacin da jama'a ke tuƙa motoci a kan tafkin suna huda ƙanƙara don kamun kifi, matarsa ta ce takan same shi a gareji, zaune a kujerar direba, hannu a kan totur, yana kallon bango.

Maƙwabcinsa akasinsa ne. Oktoba ta zo aka ce ya tsiyaye ruwan inji, ya ce gobe. Gobe ta kai shi Nuwamba, ruwan ya daskare a ciki ya tsaga injin. A watan Mayu ya zaro sandar duba mai, ta fito da wani abu kamar kunun gyaɗa. Har yau cewa yake injunan zamani ba su da ƙarko.

Ɗan bulus yakan bar galan ɗin feturinsa a mota, motar kuma kullum ta matarsa ce ya zo da ita yau. In an gama sai ya dafa aljihu ya ce, “Nawa ne nawa?” bayan ya tabbatar an riga an cika tanki. Direbanmu na biyu kuma, tun da na'urar Zero Off ta karɓe masa aikin riƙe gudu, abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya miƙe hanya. To a nan ne yake juyowa ya ba ka labarin surukinsa.

Duk waɗannan nawa ne, in babu su safiyar ba ta da gishiri. Wanda ba nawa ba shi ne mai ƙaton jirgin tada raƙuman ruwa. Ya ɗura wa cikinsa ruwa fiye da tan guda don gindin ya nutse, ya jera lasifika a saman ƙarfe, ya zo yana jan jiki da gudun mil goma sha ɗaya, yana tura tudun ruwa a bayansa. Tafkin nan faɗi gare shi, rana kuma doguwa ce, shi wasansa ba ruwansa da madubi, ko da azahar zai yi shi. Amma sai ƙarfe shida, sai gefen ƙwallayenmu. Wucewa ɗaya, ruwan zai yi ta kai da komo tsakanin gaɓa da gaɓa har mu nannaɗe igiya. Sau biyu farfelarsa tana tsinke mana ƙwallo, mu ne da nutso cikin ruwan sanyi muna laluben ƙugiya. Masu binciken Jami'ar Minesota sun auna a 2022, suka ce irin jiragen nan sai sun ba gaɓa tazarar fiye da ƙafa 500 kafin raƙuminsu ya lafa ya yi daidai da na sauran jirage. Shi ko ɗari ba ya bayarwa, bakin gaɓar wata tsohuwa da ke kusa da kwatarmu har ya fara zaizayewa. Ranar da na daina yi masa uzuri, ɗiyar mai jirgi ce a ruwa, 'yar shekara goma sha biyu, ta faɗi ta ɗaga allonta sama yadda aka koya mata don a gan ta. Ya zo ya wuce kusa da ita yana kallon baya, yana ɗaukar abokinsa bidiyo. Da muka yi masa magana sai ya rage kiɗa ya ce tafki na kowa ne. Injiniya, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar sai da muka riƙe shi.

Laifi tudu ne, na sani. Dokar jihar ta ce duk jirgin da ke kan titi a cire masa toshiyar gindi, don kada a kwashi ƙwarin wani tafki a kai wani, saboda haka mayar da ita kafin a sauke jirgi aikin mutum ɗaya ne, kuma ranar ni ne mutumin. Mun yi nisa da kwata mai jirgi ya ce yana jin jirgin ya yi nauyi. Ya ɗaga murfin inji, ruwa na wasa a ƙasa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa tun ɗazu nake jin wani abu na tokare min cinya ta aljihun gajeren wando, kuma a lokacin na gane ko mene ne.

Da dare na kira Yaya a gida ina ba shi labari, na ce zaren toshiyar ne ya cinye, ga duhun asuba, ga shi an yi ta gaggauta ni. Ya yi shiru, ya ce, “Tsaya, ƙane. Wai ku jirgin ne yake jan ku da igiya?” Na ce eh. Ya ce, “Zuwa ina?”