Jagoran Sabon Direba: Lasin, Inshora da Ladubban Hawa Kwalta

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, har da Kurmin Kogi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, yawancin direbobi a hannun ubangida suke koyon sana'a, inda yaro yake farawa da wankin mota da ɗaure lodin rake ko kwandunan tumatir, har ranar da maigida zai miƙa masa makulli ya ce ya gyara fakin. Daga wannan rana tafiyar yaron takan sauya, yakan riƙa kaɗa makulli a ɗan yatsa ko da masallaci za shi, abokansa kuma su fara kiransa direba tun bai san inda giyar ribas take ba. Wannan tarbiyya tana koyar da hannu ƙwarai, amma doka tana neman abubuwa uku bayan iya hannu, wato lasin da inshora da sanin ƙa'idar hanya.

Lasin shi ne shaidar da hukuma take bayarwa cewa an gwada mutum an ga ya cancanci a sake masa hanya, kuma ba a ba da shi ga wanda bai cika shekara 18 ba, ko da gemunsa ya riga shekarunsa fitowa. Mai nema yakan fara da makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC da aka kafa a 1988, ta amince da ita, ya karɓi takardar izinin koyo, ya liƙa jan harafin L a gaban mota da bayanta. Samari da yawa suna jin kunyar wannan harafi, alhali shi ne yake sa sauran direbobi su yi wa ɗan koyo uzuri idan mota ta mutu masa a tsakiyar mararraba, su kuma ba shi tazarar da za ta ceci fitilunsu. Bayan haka sai gwaji a gaban jami'in duba ababen hawa, wanda aka fi sani da VIO, sai biyan kuɗi ta hannun hukumar tara haraji ta jiha, sai ɗaukar hoto da zanen yatsu a cibiyar FRSC, inda ake ba da lasin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin, mai shekara 3 ko 5, ya fito. Lasin kuma aji-aji ne: na A na babur ne, na B na ƙaramar mota, kuma mai riƙe da ɗayansu ba shi da hurumin hawa kan tirela don kawai ƙafarsa ta kai totur.

A wajen neman lasin ne 'yan tsakani suke cin kasuwarsu. Duk lasin da aka kawo wa mutum har zaurensa, yana zaune yana shan rake, ba tare da ya je an ɗauki yatsunsa ba, jabu ne komai kyan hotonsa, kuma ranar da aka duba lambarsa a kwamfuta mai shi zai amsa tambayoyin da suka fi na wanda ba shi da lasin sam yawa.

Inshora ta fi lasin shan rashin fahimta, domin da yawa sun ɗauke ta takardar da ake nuna wa jami'i a shingen hanya kawai. Wadda doka ta wajabta, tun daga dokar 1945, ita ce inshorar mutum na uku: na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa shi ne bawan Allah da aka buge, ko aka rusa masa katanga, ko aka watsar masa da buhunan masara. Ba ta gyara motar mai ita, aikinta shi ne ta biya wanda aka yi wa ɓarna a madadin direba. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga Naira 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na asarar dukiya zuwa Naira miliyan 3, sannan daga 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta ta a faɗin ƙasa. Wanda ya taɓa ganin manomi ya sayar da gonar gado domin ɗansa ya daki motar wani ba zai kira wannan kuɗi tsada ba.

Takardar inshora mai araha da ake rubutawa a bakin tasha ba ta da kamfani a bayanta, saboda haka ranar haɗari ba wanda zai amsa sallama. Ana gane ta gaskiya ta hanyar shigar da lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, NIID, a intanet; idan sunan kamfani da ranar ƙarewa ba su fito ba, to an sayi farar takarda ce da tawada. Masu ɗari-ɗari da inshora saboda addini kuwa suna da takaful, tsarin da mahalarta suke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda tsautsayi ya faɗa wa, kuma akwai kamfanoni masu lasin yin sa a Nijeriya, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful.

Ƙa'idar hanya ba ta da wuyar riƙewa. Tun 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka mai aron hannu a kan titin Zariya zuwa Kano, domin ya rage zagaye kusa da Tashar Yari, ya makara da fiye da shekara hamsin, kuma yana wasa da ran fasinjojinsa. Iyakar gudun ƙaramar mota kilomita 50 ne a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Hon ba birki ba ne, akuya ma ba ta karanta dokar hanya ba, saboda haka rage gudu a ƙauye, musamman ranar kasuwa da lokacin kaka da ake shanya amfanin gona a gefen kwalta, nauyi ne da ke wuyan direba shi kaɗai. Gaisuwa abu ne mai kyau, amma suruki zai fi jin daɗinta idan an gangara gefe an sauko, maimakon a tsaya masa a tsakiyar titi da jerin motoci a baya. Lodin rake da ya zarce bayan a-kori-kura yana buƙatar jan ƙyalle, waya kuma ta jira har a tsaya.

Ɗaura bel ya zama tilas tun 2003, hular kwano ga masu babur tun Janairun 2009, lokacin da wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna fatan jami'ai ba za su lura ba. Ƙwarya kuwa aikinta fura ne, ba ta iya karo da kwalta. A jihar Kaduna jami'an hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, KASTLEA, suna tsare hanya tare da na FRSC da 'yan sanda, kuma direban da takardunsa suka cika yakan gaishe su da murya ɗaya ba tare da gumi ba. Ya kamata kowane sabon direba ya rubuta ranar ƙarewar lasinsa da ta inshorarsa a inda idonsa zai riƙa gani, ya kuma ajiye lamba 122 a wayarsa, wadda ita ce ta kiran agajin FRSC kyauta idan haɗari ya auku.