Gida a Cikin Waya

A zamanin da, wanda ya yi nufin sayen gida a Kankiya ko Kusada, lalle ne ya taka da ƙafarsa, ya ƙwanƙwasa azara, ya leƙa rijiya, sa'an nan ya tambayi maƙwabta halin kwatar bayan gida. Amma a yau, da yake Allah Ya hore wa dillalai wayar hannu, sai wani ɗan garin da ke fatauci a Legas ya kewaya ɗaki da falo ta WhatsApp alhali yana kishingiɗe.

Na shaida wani dillali, wanda ladabi ya hana ni ambaton sunansa, ya aro kujeru da darduma daga ɗakin amaryar ƙaninsa, ya rataya labule daidai inda bango ya tsage, ya ɗauki hoton majigi da hantsi, kafin la'asar kuwa kayan sun koma wa mai su. Malamanmu na Malikiyya sun halatta cinikin abin da ba ya nan bisa siffantawa, kamar yadda ya zo a Risala, sai dai ba su halatta ɓoye aibi ba, balle da labulen aro.

Ya kai mai saye, jinkirta biya har ruwan Agusta ya sauka.