Yadda Za Ka Auna Bakin Koriya da na Turkiyya Kana Zaune a Dakali

A majalisun cikin birnin Kano, daga Yakasai har Mandawari, ba a rasa mutum biyu: wanda ya haddace Jumong, fim ɗin Koriya na 2006, da wanda ba ya runtsawa sai ya ga Ertuğrul, wanda tashar TRT ta Turkiyya ta fara haskawa a 2014. Kowanne yana rantsuwa yaren gwaninsa ya fi wuyar faɗa. Ɗan'uwa, za ka iya raba wannan gardama ba biza ba tikiti. Kayan aikin duk suna cikin bakinka.

Fara da wanke kunne da Hausa. Ka ce baki, ka ce baƙi, sannan ka ce baƙi masu sallama. Idan ka ji bambancin ukun, ka ci jarrabawar shiga, domin wanda ya tashi yana raba k da ƙ ya riga ya san maƙogwaro kaɗai yana iya sauya ma'ana. Nan ne Koriya ta kafa tarkonta. Sautin da kake ɗauka ɗaya, su uku suka raba shi: na sassauci, na matse maƙoshi, da mai fitar da iska. Bul wuta ce, ppul ƙaho, pul ciyawa. Dal wata ne, ttal 'ya mace, tal abin rufe fuska. Riƙe takarda a gaban leɓenka: idan ka ce pul ta kaɗa, idan ka ce ppul ta tsaya cik. Amma kada zumuɗi ya sa ka harba musu ƙ irin tamu. Matse maƙoshin kawai ake so, ban da fashewar. In ka yi sake, ka je neman auren 'yar mutane ka dawo an ba ka abin rufe fuska.

Akwai inda za ka huta. Yaren Koriya ba shi da f, shi ya sa kofi ya koma keopi a birnin Seoul. Bakano da ke cewa fanka yau, gobe panka, ba wanda ya ɗaga kai, ya samu abokin tafiya. Su kuma r da l harafi ɗaya ne a wurinsu: tsakanin wasula ya fito r, a ƙarshen gaɓa ya zama l. Mu da muke da r iri biyu sai mu yi musu uzuri.

Yanzu gyara zama, an zo Turkiyya, inda baƙaƙe suke da sauƙi, wasula kuma suke ƙure mutum. Namu 5 ne, kowanne da dogo da gajere. Nasu 8 ne: a, e, ı, i, o, ö, u, ü. Don ka sami ü, ka ce i, ka riƙe harshenka a nan, ka tsuke leɓe kamar mai hura koko da zafi. Haka ö, sai dai daga e za ka taso. Shi kuwa ı marar ɗigo, ka ce u amma ka baje leɓe. Ka kula da shi sosai, domin yana dab da wasalin Koriya da ake rubutawa eu, ka ga wahala ɗaya riba biyu. Sai gwaji, da ƙarfi, ko da mai shayi zai juyo: kil yumɓu, kıl gashi, kul bawa, kül toka, kol hannu, kel mai sanƙo. Wannan na ƙarshe ka duba kan na kusa da kai kafin ka faɗa.

Abin da ya fi burge ni a Turkanci shi ne wasulan kalma ba sa yarda da bare. Ev gida, jam'insa evler. At doki, jam'insa atlar. Ɗafin ɗaya ne, wasalin jiki ne ke zaɓa masa riga. Koriya tana da ɓurɓushin wannan a aikatau, jaba kama, meogeo ci. Irin wannan kamanni ya sa masana irin su Ramstedt suka haɗa harsunan biyu a dangin da suka kira Altai. Yawancin masana harshe na yau ba su karɓi zancen ba, don haka idan wani ya ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ka ce ya kawo shaida. Zumuncin da ya tabbata shi ne sojojin Turkiyya da suka je yaƙin Koriya a 1950, da wasan neman na uku a gasar cin kofin duniya ta 2002, inda Turkiyya ta ci Koriya ta Kudu 3 da 2.

Kada rubutu ya yaudare ka. Tun 1928 Turkawa suka bar haruffan Larabci suka koma na boko, amma c ɗinsu j ce, ç ita ce c tamu, ş kuma sh. Harafin ğ ba a furta shi, jan wasalin da ya gabace shi yake yi, saboda haka daina cusa g a tsakiyar Ertuğrul. Kuma ƙarshen kalma yana ƙeƙashewa: Ahmad ya zama Ahmet, kitab ya zama kitap. Kakanninmu da suka yi ciniki da Larabawan Tarabulus a Kasuwar Kurmi, lokacin Tarabulus tana hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa, sun ji sunan Istanbul suka gyara shi ya zama Santambul. Rubutun Koriya kuwa, Hangul, Sarki Sejong ne ya fito da shi a 1446, kuma an zana wasu baƙaƙensa bisa siffar harshe da leɓe lokacin furuci.

Ka ajiye karin sautinka a gida. Turkanci yawanci nauyi yake ɗorawa a gaɓar ƙarshe, Koriyancin Seoul kuma ba ya raba kalmomi da hawa da sauka yadda muke raba fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Idan aka matsa maka ka yanke hukunci, ka ce Koriya maƙogwaro take gwadawa, Turkiyya leɓe, kuma Bakano zai fi shan gumi a wajen leɓen.