Rabe-raben Masu Hoto a Daura ta Fuskar Mu'amala da Ƙura

Gilashin zuƙowa, wato jerin gilasan da ke gaban kyamara wanda ake murzawa domin kusanto da abin da ke nesa, yana miƙewa yana komawa, kuma duk lokacin da ya yi haka yana shaƙar iska ne kamar zugazugin maƙeri. A masarautar Daura, inda hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tun daga Nuwamba har zuwa Maris, kofatan dawaki kuma su tayar da tasu a Hawan Magajiya da Sallar Gani, babu gilashin da zai shekara bai haɗiyi rabonsa ba. Masana sun tabbatar da cewa 'yar ƙurar cikin gilashi ba kasafai take fitowa a hoto ba, domin ɗigon da ake gani a sararin samaniya yawanci daga sensa yake, wato farantin da haske ke sauka a kansa. Wannan bayani bai taɓa kwantar da hankalin kowa ba.

Wanda ya fi cancantar nazari shi ne mai waswasi. Yakan isa ƙofar fada tun da hantsi da kyamara a naɗe cikin leda, ledar cikin tawul, tawul ɗin cikin jaka, sannan ya kunna tocilar waya ya leƙa gilashin, kuma da yake wanda ya nemi ƙura da tocila ba ya rasa ta, nan take fuskarsa za ta canza. Zai nuna wa na damansa, ya nuna wa na hagunsa, ya tambayi dogari ko shi ma yana ganin ɗigon, ana yi masa jaje yana amsawa da "sai haƙuri". Kafin ya gama, hakimai sun wuce, 'yan bindiga sun ɓarke da harbi, Mai Martaba Sarki Umar Faruk Umar ya shige ƙarƙashin laima, shi kuwa abin da ya samu bai wuce hoton wutsiyar dokin ƙarshe ba, hoton da, a yi masa adalci, babu ɗigo ko ɗaya a cikinsa.

Kishiyarsa shi ne mai bakin riga, wanda ke yi wa gilashi huci ya dirje shi da shadda mai sitaci, bai san cewa yashi ya fi gilashi tauri ba, saboda haka kowace gogewa kankara ce. Akwai mai tawakkali, wanda murfin gilashinsa ya ɓace tun ranar saye, hotunansa duk sun yi dishi-dishi, amma yana ɗora laifin a kan hazo ko da a tsakiyar Agusta ne. Akwai mai canza gilashi ana tsaka da sukuwa, cikin kyamara a buɗe yana fuskantar iska. Akwai kuma masu wa'azin a fara da robar hura iska, a bi da buroshi mai laushi, a ƙare da ƙyalle na musamman, rukunin da ya haɗa da masu rubuta kasidu irin wannan, waɗanda ba a son a binciki jakarsu.

Duk waɗannan kayansu suke wa illa. Wanda ba ya cin uzuri shi ne mai cewa "kawo in duba maka". Da sukundireban gyaran waya yake kwance gilashin da aka jera a masana'anta da awon da ido ba ya gani, ya wanke shi da kananzir, ya mayar da shi da ragowar noti biyu a tafin hannu yana cewa dama ba su da amfani. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma wanda yake cutarwa galibi yaro ne da ya tara kuɗin hoton biki da suna ya sayi gilashi na hannu, ga Sallah ta ƙarato, ga kuɗin mota zuwa Kano wurin ƙwararre. Masu hoto na Daura, musamman sababbin shiga, idan irin wannan mutum ya miƙo hannu su gaishe shi da kyau, su rataya kyamararsu a wuya.