Allah Ya Isa Tsakanina da Bakaniken da Ya Iya Aiki

A unguwarmu an san ni da abu biyu: fanshon da ba ya kai ƙarshen wata, da injin yankan itacen da ba ya tashi.

Maganar daga madafa ta taso. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, komai ya bi fetur ya hau, har da gas ɗin girki. Tukunyar gas ɗinmu ta koma wurin ɗora buta. Gawayi ya yi tsada, itacen da manyan motoci ke kawowa shi ma ya ƙi sauka, tunda dazuzzuka irin su Rugu da na Birnin Gwari sun zama inda mutum ba ya shiga sai ya bar wasiyya. Wata rana Hajiya ta aiki jikanmu sayen itace, ya dawo riƙe da shi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana shan rake. Abin ya sosa mini rai. Na ce ina da gona, gonar nan tana da itatuwa, ba za a ci gaba da yi mini fashi da rana tsaka ba. Daga yau itacen gidan nan a wuyana yake.

Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Malam, kai da matakalar masallaci ma sai ka dafa gwiwa?"

Ban tanka mata ba. Washegari na nufi wurin dillali.

Duk wanda ya zauna da afaretoci, masu tsaga katako a daji, ya san inji ɗaya suke rantsuwa da shi: Stihl 070, na kamfanin da wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya kafa a 1926. Girman injinsa ya kai siisii 106, wato ya yi kusa da na babur, nauyinsa kuma ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa ƙarfen da sarƙa ke zagayawa. Nawa ba shi ba ne. Kama ce ya ɗauko, da launi, da nauyin. Babu suna ko ɗaya a jikinsa. Murfinsa daga wani inji aka ciro, sarƙarsa daga wani, igiyarsa kuwa ta janareta ce. Da na tambayi dillalin ko ɗan Jamus ne, sai ya ce, "Baba, jikansa ne." Na biya.

Daga nan na shiga wani zamani da ban taɓa jin daɗin irinsa ba tun da na ajiye aiki. Da hantsi zan ɗaure injin a bayan babur, in bi ta gaban majalisa a hankali yadda kowa zai gani. Tsarana suna zaune a benci da sandunansu, suna cewa, "A gaishe ka, namijin duniya! Mu dai mun gaza." In na isa gona sai in sauke shi a gindin mangwaro, in taka shi da ƙafa, in rufe cok, in fizgi igiya. Ya yi tari. In ƙara. Ya yi atishawa, ya fesa mini hayaƙi, ya yi shiru. To, aiki ya samu. In shimfiɗa buhu, in jera sifana da sukundireba, in kwance filogi. Kullum a jiƙe yake da mai, baƙi ƙirin. In hura shi, in goge bakinsa da sandfefa, in gasa shi a wutar kara, in mayar. Sai in koma kan 'yan sukurorin nan na kafireta, wanda aka rubuta wa L da wanda aka rubuta wa H. In murɗa wannan dama, in murɗa wancan hagu, in saurara kamar mai jiran amsa. In hakan bai yi ba sai in ɗauko magagari in bi haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya ina wasawa. Na rantse duk ƙaramar hukumarmu babu sarƙar da ta kai tawa kaifi, kuma babu wadda ta kai ta rashin sanin ɗanɗanon itace. Rediyona na gefe, shayina na cikin fulas, iskar gona na kaɗawa.

Da la'asar sakaliya sai in tsinci ƙiraren da iska ta karyo, in tsaya a ƙauyen da ke kan hanya in ƙara da damin da mata ke sayarwa da araha, in shigo gari hannuwana dumu-dumu da baƙin mai. Wannan baƙin mai shi ne shaidata. Wa zai kalli dattijo da hannu haka ya ce bai yi aiki ba? Hajiya ta ɗora mini ruwan zafi, ta ce, "Sannu, Malam. Injin ne dai yau ma?" In ce, "Ke dai bari. Kayan zamani."

Ilimin itace kuwa, a majalisa ba a ja da ni. Ni ke bayani cewa marke shi ne sarkin murhu, yana ci a hankali ya bar garwashi. Ƙirya ta maƙera ce, da gawayinta suke narka ƙarfe, da ita ake sassaƙa turmi. Kuka duk girmanta ba ta da amfani a wuta, cikinta laushi ne da ruwa. Ɗorawa da kaɗanya ba a taɓa su, wanda ya sare su ya sare daddawa da man kaɗe. Gawo manomi ke bari a tsakiyar gona, don da damina yake zubar da ganye, bai tare wa gero rana ba, ga taki. Dogonyaro yana ci, amma in ɗanye ne hayaƙinsa sai ya sa uwargida hawaye, hawayen kuma a kanka za su ƙare. Tsamiya kuwa nakan ce itacenta nagari ne, sai dai ni ba na son shiga tsakanin masu gida da gidansu. Nakan ƙara da gargaɗin cewa ɗanyar bishiya ba a kayar da ita sai da izinin malaman daji. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk a zaune nake faɗarsa.

Ina da bakanike, tsarana ne, asalinsa mai gyaran janareta. Mutumin kirki. In na kai masa injin sai ya sa a kawo mana goro, ya jijjiga shi kusa da kunne, ya ce, "Alhaji, man yanzu ne ba shi da kyau." Mu zagi man, mu zagi masu sayar da shi, mu gangaro kan gwamnati. Ya canza filogi, in ba shi na cefane, mu rabu kowa da mutuncinsa. Bai taɓa gyara shi ba, ni kuma ban taɓa cewa me ya sa ba.

Ana nan sai ya yi tafiya ganin 'yarsa da ta haihu. A cikin kwanakin ne autana, wanda ba wanda ya aike shi, ya sungumi injin ya kai wa wani yaro a bakin tasha. Da labari ya iso ni na bi sawu da sauri, amma kafin in isa aikin gama ya gama. Yaron nan ko gemu bai fara ba. Ya jingina wayarsa a jikin gwangwani, wani Bature na magana a ciki, shi kuma ya baje kafiretata a kan kwali filla-filla. Ya ɗago wani ɗan fallen roba ya nuna mini.

"Baba, ka ga wannan? Ita ke harba mai. Laushi ya kamata ta yi. Taka ta bushe kamar ƙanzo, saboda kana barin tsohon fetur yana kwana a ciki wata da watanni."

Na ce na sani.

"Yaya kake haɗa man?"

Na ce da ido, yadda aka saba tun kafin a haife shi. Ya yi murmushi irin na yaran da aka yi wa tarbiyya. Ya ce tsofaffin injuna irin wannan, kashi 25 na fetur ake zuba wa kashi 1 na man inji, wato mililita 40 a kowace lita, kuma man da aka yi don haka, ba kwandam ɗin da aka juye daga mota ba. Wanda nake zubawa ya yi yawa, shi ke jiƙa filogi, shi ya toshe salansa da baƙar dauɗa. Ya ƙone salansar a wuta ya kakkaɓe. Ya zaro 'yar matatar da ke cikin tanki da waya, ya sa sabuwa. Ya wanke matatar iska, ƙurar hunturu ta fita har ruwan ya koma ja. Sukurorin da na daɗe ina lallashi ya murɗa su har ƙarshe, ya dawo da kowanne baya kaɗan, ya ce kada in ƙara taɓawa. Sannan ya taka injin ya ja igiya sau ɗaya.

Kaji suka watse. 'Yan acaɓa suka waiwayo. Autana har da tafi. Kuɗin da yaron ya caje ni bai kai abin da nake kashewa a goro wurin abokina ba, kuma har ya bi ni da "Allah ya ƙara lafiya, Baba." Ban ce amin da ƙarfi ba.

Akwai wani busasshen marke da guguwar farkon damina ta kayar a gefen gonata, wanda na daɗe ina yi wa Hajiya alkawarinsa. Yanzu ba sauran hanzari. Ta sa aka ɗauko hayar amalanken shanu. Jikoki suka ce sai sun je. Mutum biyu daga majalisa suka ce su ma za su zo su ga aikin maza, suka zo da kujerunsu.

Abin da ban taɓa lissafawa ba shi ne, injin da ke kwance a ƙasa daban, injin da ke ihu a hannunka daban. Nawa ba shi da birkin sarƙa, ba shi da robar da ke rage girgiza, waɗannan na sababbi ne. Ina ɗaga shi na ji haƙorana suna gaisawa da juna. Gilashina ya gangaro kan hanci, ba hannun gyarawa. Amma da sarƙar ta taɓa reshen farko, wallahi ta shige, ɓarɓashi manya-manya na tashi yana dukan ƙafata, reshen ya faɗi tim. Jikoki suka yi sowa. A wannan lokacin da an ce in kayar da dajin Falgore, da na ce a nuna mini ta inda za a fara.

Shi ya sa na bar ƙananan rassa na nufi gangar jikin. Ita kuwa kanta na kan tudu, gindinta na kan kututture, tsakiyarta a sama take ba abin da ya tallafe ta. Na dasa sarƙa daga sama, a tsakiya cif. Ta ci, ta ci, ta wuce rabi. Sai itacen ya sunkuya da nauyinsa, bakin yankan ya rufe, ya damƙe ƙarfen gam. Injin ya yi gurnani ya mutu. Na ja, ko motsi. Na jijjiga, ko gezau. Na waiwaya na ga idanu a kaina, sai na kafa ƙafa ɗaya a jikin itacen, na tattaro ƙarfin da na rabu da shi tun zamanin Shagari, na fizga.

Wani abu ya ce ƙas. Ba daga injin ba.

Na tsaya a ruku'u, hannuwana a kan gwiwa, sama ta gagara, ƙasa ta gagara. Ƙaramar jikata ta ce wa 'yan'uwanta, "Ku yi shiru, Kaka yana salla." Suka yi shiru kuwa. 'Yan majalisa suka zo suka tsaya a kaina suna ba da shawara, ɗaya ya ce a taka mini bayan, ɗaya ya ce a'a, iska ce, ai ga tsamiya can.

Ana cikin haka wani tsoho ya ɓullo daga gonar maƙwabta, gatari a kafaɗa. A ƙalla ya ba ni shekara goma. Ya yi sallama, ya zagaya itacen, ya sari wani guntun reshe ya fiƙe bakinsa, ya cusa a tsagar, ya buga da ƙeyar gatari. Tsagar ta buɗe. Ya zare injin da hannu ɗaya ya ajiye a gefe.

"Alhaji, in itace ya kwanta haka, daga ƙasa ake gama shi. Ko ka sa masa abin tokare tun da wuri." Ya dubi yadda nake. "Kai kuma wa zai zare ka?"

Amalanken da aka ɗauko don itace ni ya kwaso. Muka bi ta gaban majalisa ina kwance a kan buhu, shanu na tafiyarsu ta ƙasaita, sauran da ba su je ba suka miƙe tsaye don su gani da kyau.

Likita ya tambayi shekaruna, na faɗa masa har da ragi. Ya tambayi abin da na ɗaga, na faɗa masa, ya ajiye biro ya ce in maimaita. Ya yanke hukuncin kada in ƙara ɗaukar abin da ya fi buta. Wanzami ya zo da ƙaho, maƙwabciya ta aiko da man zafi mai sa ido ruwa, salla ta koma kan kujera. Hajiya kuwa ta zauna a bakin gado da takarda, tana haɗa kuɗin inji, da fetur, da filogi, da amalanke, da hoton baya, da magani. Ta ce da itace aka saya da su, da har ɗakin ajiya sai mun gina masa. Na ce ciwo ya hana ni jin magana.

Marken nan autana da abokinsa suka gama shi kafin azahar, da injina. Kullum da safe ina kwance ina jin yaron a tsakar gida yana tada shi don kawai ya ji ƙara. Ja ɗaya.

Sai kuma babban ɗana ya bugo waya daga Abuja, wai ya ji abin da ya faru, zai aiko mini da na zamani mai batir, mara nauyi, babu igiya babu haɗa mai, maɓalli kawai ake dannawa, ba ya taɓa ƙin tashi. Gabana ya faɗi. Na ce ina wutar da za a yi caji? Ya ce zai haɗo da sola. Na ce batir ba ya son zafin ƙasarmu. Ya ce Baba ai waya ma batir ce. Na ce layin ba kyau, ba na jin sa.

Abokina ya dawo daga wurin suna makon jiya. Na faki idon Hajiya na sa almajiri ya kai masa injin, wai a yi masa sabis. Da yamma ya leƙo duba ni, ya zauna ya ɓare goro, ya ce ya buɗe kafiretar, ya ga alamar wani ɗan koyo ya yi wasa da ita, amma kada in damu, zai mayar da komai yadda yake a da. Na ce ya bi a hankali, ba sauri nake ba.